Jarka Biyu da Muka Bari a Tsakar Gida

Tun da na dawo daga Mambila kunnena bai huta ba. A makaranta tambaya, a wurin masu tsire tambaya, ko alwala na tsuguna yi sai wani ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Abba, wai da gaske babur ɗin Yaya Nasiru har tashi sama yake yi?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, don duk wanda na ba rabi sai ya ƙara masa nasa gishirin kafin ya kai kasuwar Mokolo. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Kun san bakina ba ya rabo da ƙari, to ku rage abin da kuka ga dama a wuraren dariya. Sauran kuwa haka ya faru.

Sai na fara da babur ɗin, don shi ne tushen maganar. Yaya Nasiru shi ke riƙe da shagon atamfar Baba a nan unguwarmu ta Brik a Yawunde tun da ciwon suga ya kama ƙafar Baba. Bara ya sauka Duwala ya dawo da wani ƙaton babur na hannu, irin na masu yawon duniya, mai akwatin ƙarfe a kowane gefe. In ya faɗi ƙasa sai an kira majiya ƙarfi huɗu da mai ba su baki. Kowa ya gani ya ce ƙarfinsa ya isa, ban da mai shi.

Da farko ya canja salansa, ya sa wata mai faɗin baki da in ya murza totur a ƙofar gida sai awakin unguwar Etoudi su amsa. Ya canja matatar iska, ya sa sababbin fulogi. Babur ya ƙara kuzari, amma ya koma zafi kamar kaskon masa, in an saki totur kuma sai ya riƙa harbi ta baya, har wata rana ladaninmu ya tsaya tsakiyar kiran salla ya leƙo. Sai Yaya ya kai shi wurin wani bakanike a unguwar Nkomkana da ake ce wa Injiniya. Na bi su don kallo, na kuwa sha kallo.

Injiniya ya ce iska ta yi wa injin yawa, mai ya yi masa kaɗan, shi ya sa yake zafi. Ya kwance kabreta ya sa mata manyan hantuna, wato ƙofofin da mai ke fitowa. Da Yaya ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma ya ce shi ba magani ya zo nema ba, ƙarfi yake so. Sai aka sauke kan injin aka kai wurin masu kankare ƙarfe, aka rage masa kauri don fistin ya riƙa matse mai da iska fiye da da. Aka kuma matso da wutar fulogi gaba, ta riƙa kamawa da wuri. Ranar da aka gama, Yaya ya ɗauke ni muka gwada a kan babban titi. Da ya murza, sai na ji hanjina ya tsaya a Nkomkana ni kuma ina gaba.

Injiniya yana goge hannu ya ce, "Nasiru, yanzu ka mai da shi ɗan gata. Shan mansa ya ƙaru, kuma tataccen man super kawai zai sha, na gidan mai. Ka ba shi na kwalba, ba ruwana." Yaya ya ce ya ji. Washegari ya sayo jarka biyu na ƙarfe, ya sa aka yi musu mazauni a bayan akwatunan, don ranar doguwar tafiya.

Ranar ta zo ba yadda ya so ba. Wata Juma'a bayan la'asar Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ta bugo waya daga ƙauyenmu da ke saman dutsen Mambila, a ɓangaren Nijeriya. Ta ce Iya, mahaifiyar Baba, ta kwanta, kuma wannan kwanciyar ba irin ta kullum ba ce. Ba ta neman kowa sai ni. Sunan mijinta aka sa mini, marigayi kakanmu, don haka tun ina goye take kirana maigidanta. A waya kullum faɗa muke, ta ce na bar ta ba cefane, in ce na sake ta don ba ta da haƙori. Rabona da ita ido da ido tun ina firamare.

Baba ba ya iya taka ƙafa, balle hawa dutse. Ya kira Yaya ɗaki, ni ina bakin ƙofa. Yaya ya ce in aka bi mota, da jiran ta cika da canje-canje a tasha, sai an kusa mako. Da babur kuwa, in muka tashi da asuba, gobe war haka mun wuce rabin hanya, jibi da hantsi muna gaban Iya. Baba ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sannan ya ce, "Nasiru, ka kai mata shi da ranta. Abin da na roƙe ka ke nan."

To, duk wanda ya tashi a Brik ya san ba a tafiya arewa a ɓoye. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, kafin isha'i zaurenmu ya koma tasha. Kowa yana da ɗan'uwa a kan hanya, kuma hanyar kowa ita ce tamu. Hajiya Mairo mai waina ta kawo ƙullin atamfa na 'yarta da ke aure a Fumban. Alhaji Buba, aminin Baba, ya kawo kwalin littattafan addini na ƙaninsa a Bankim. Wata ta kawo maganin hawan jini, wani ya kawo injin markaɗe ƙarami, wallahi da idona na gani. Umma kuma ta haɗa tsarabar Iya, bargo da sabulu da kilishi da turare, don ba za a ce jikokin Yawunde sun zo hannu na dukan cinya ba.

Da asuba aka fara ɗauri. Akwatuna suka cika, bayana ya cika, aka ɗora wani a kan tanki, kaya bai ƙare ba. Alhaji Buba ya zagaya babur ɗin yana dogara sanda, ya tsaya a kan jarkokin nan biyu da Yaya ya ciko da super tun daren jiya.

"Wannan fa na mene ne?"

"Mai ne, Alhaji."

"Mai? Ka taɓa ganin garin da ba mai? Sauke su, ɗana, kwalina zai zauna nan daidai."

Yaya ya dubi Baba, wanda aka fito da shi a kujera don sallama. Baba bai san abin da aka yi wa injin ba, don Yaya bai taɓa gaya masa an kankare komai ba. Ya ce, "Sauke mana, Nasiru. Alhaji ne fa." Na ga bakin Yaya ya motsa. Mutumin da ya yanka masa ragon suna ne a tsaye, ga dattawan unguwa sun yi da'ira. Ya sunkuya ya kwance jarkokin, ya jingine su a gindin rijiya a tsakar gida. Aka shafa fatiha muka tashi.

Farkon tafiyar kam ba zan yi ƙarya ba, daɗi kamar me. Ana ƙarshen damina, kwalta a wanke, babur yana cin hanya duk da kayan da ke kansa sun kai na amarya uku. Motocin da muka wuce kafin Bafia har na daina juyawa in yi musu gwalo. A shingen jandarma ma ba takarda suka fara tambaya ba, zagaye mu suka yi, ɗaya ya ce a murza masa totur ya ji. Yaya ya murza, hular mutumin ta kusa faɗuwa, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

A Makenene muka karya kumallo. Wurin nan ba kai ke neman abinci ba, shi ke farautarka. Kafin in sauke ƙafa mata sun kewaye ni da gasasshiyar ayaba da wani ɗan itace da suke ce wa safu, wata ta riƙe rigata tana kirana mijinta da Faransanci. Na ce mata ina da mata a Mambila, ta ce ba komai, za ta zauna ta biyu. Yaya ya ce in ci da sauri ko ya bar ni da ita.

Bayan Bangante muka tarar an tare hanya. Jama'a ce maƙil, kowa cikin atamfa iri ɗaya, ga masu busa ƙaho, ga ganguna, mata na rawa suna ɗaga hoton wani tsoho. Na ɗauka biki ne. Na tambayi wata mata da ke kusa, ta ce jana'iza ce. Na ce yaushe ya rasu? Ta ce ai ya fi wata, yana cikin sanyi a asibiti ana jiran 'ya'yansa su iso daga Turai. Su a wurinsu ba a binne mutum sai kowa ya zo ya gan shi. Na juya na ce wa Yaya, "Ka ji mutane masu haƙuri. Mu kam ba ma jiran kowa." Da wasa na faɗa. Yaya bai yi dariya ba. Da aka buɗe hanya ya murza babur ɗin yadda ban taɓa ji ba, na ƙanƙame shi har sai da muka ga gidajen Fumban.

A nan saƙon mutane ya fara cin mu. Adireshin da Hajiya Mairo ta ba mu shi ne, "bayan masallaci, gida mai mangwaro." Fumban kuwa duk gida bayan wani masallaci yake, kuma duk gida da mangwaro. Da muka samu gidan, 'yar Hajiya ta rantse ba za mu fita ba sai mun ci tuwon masara da miyar ganye. Mijinta ya ce sai an yi azahar tare. Surukarta ta ce sai mun gaya mata lafiyar kowa a Brik, gida gida, har da waɗanda suka mutu tun kafin a haife ni. Yaya yana ta duban agogo yana cewa, "Wallahi sauri muke, kakarmu ba lafiya." Sai su ce, "Ayya, Allah ya ba ta lafiya, ƙara miya." Ya cika tanki da super a bakin gari, na ƙarshe da babur ɗin ya sha.

Daga nan kwalta ta fara yi mana rowa, can kuma ta ƙare gaba ɗaya. Jar ƙasa ce da ruwa ya jiƙa, manyan motoci sun haƙa mata ramuka da za a iya yin iyo a ciki. Ƙarfin da aka ƙara wa injin a nan ya zama fitina, Yaya na taɓa totur kaɗan sai tayar baya ta juya ta watsa mini taɓo har cikin kunne. Sau biyu muka faɗi. A faɗuwa ta biyu injin markaɗen ya sauka a kan ƙafata, na tsine wa mai shi da duk wanda zai sha kunun da za a markaɗa da shi. A Magba muka ajiye shi da maganin hawan jinin, muka sake cin abinci dole, wannan karon kifi. Allurar mai kuwa tana sauka kamar ana zuƙe ta da tsinke.

Rana na faɗuwa muka shiga Bankim, muka sauka gidan Malam Sale, ƙanin Alhaji Buba mai kwalin littattafai. Mutumin kirki ne. Ya ba mu ɗakin ɗalibansa, matarsa ta dafa mana ruwan wanka. Sauron garin ne dai ba su da tarbiyya, girmansu ya kai fara, ɗaya ma na ji yana tambayar ɗan'uwansa ko a nan za su cinye ni ko su kai ni gida. Mutanen wurin kuma in za su gaishe da babba sai su rage tsawo su tafa hannu a hankali, su yi magana ta cikin tafinsu. Na gwada yi wa Yaya, ya ce in ban daina ba zai tafa nasa a ƙeyata. Kafin mu kwanta ya samu Gwaggo a waya. Ta ce Iya ta daina karɓar abinci, ruwa kawai, amma da aka ce mata muna hanya ta buɗe ido. Yaya ya ce, "Gobe kafin azahar, in Allah ya so."

Da safe muka nufi gidan mai, muka tarar an ɗaure bakin famfo da leda. Mai gadi ya ce tankar da za ta kawo mai ta maƙale a taɓo, ko yau ko jibi ko wani mako. Abin da ya rage a garin sai zua-zua, wato man da ake shigowa da shi ta daji daga Nijeriya ana sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Duk ƙananan baburan garin shi suke sha, suna yawonsu lafiya lau. Yaya ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kwalba a rana yana shinshinawa kamar mai zaɓen turare. Wani kalar shayi, wani kalar fitsarin doki. Wani mai sayarwa ya rantse da kabarin ubansa nasa ko jirgin sama zai sha. Na ce, "Yaya, ba Injiniya ya ce..." Ya ce, "Na san abin da ya ce. Kana da wani man a aljihunka?" Aka kafa mazurari aka ɗura.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya babur bai nuna komai ba, har na fara cewa a raina Injiniya tsoro kawai ya ba mu. Sai muka iso gindin dutsen da ake hawa kafin Mayo Darle. Hanya ce da ta miƙe tsaye tana lanƙwasa kamar macijin da aka taka, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya ramin da in ka faɗa sai ka yi sallar la'asar kafin ka kai ƙasa. Muna fara hawa na ji wata ƙara a ƙarƙashinmu, ƙas-ƙas-ƙas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Yaya ya rage giya, ta lafa. Ya ƙara wuta, ta dawo. Daga baya ya yi mini bayani cewa injin da aka matse haka, in aka ba shi man da ba shi da kyau, man yakan kama da kansa kafin lokaci, ya riƙa dukan fistin a ka yana kan tahowa. A lokacin dai abin da na sani shi ne zafin da ke tasowa yana gasa mini ƙwauri.

Muka tsaya ya huce. Muka hau, muka sake tsayawa. Yaya ya ce in sauka in bi shi da ƙafa a wurare masu tsauri, na yi ta haki a bayansa ina tura kayan mutanen Brik. Rana ta take tsaka muna rabin dutse. Ya dubi sama, ya dubi waya, ba sabis. Ya ce, "Hau. In muka yi ta lallashinsa a nan za mu kwana." Na hau, ya murza da gaske. Babur ya yi wani kukan kura, ya haye lanƙwasa ɗaya, ya haye ta biyu, har na fara kabbara. A ta uku na ji fam, kamar an fasa leda. Farin hayaƙi ya turnuƙe mu, baƙin mai ya feso a kan takalmin Yaya, sai shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har kukan tsuntsaye na ji.

Yaya ya yi ta danna maɓalli, injin na juyawa fayau ba nauyi. Ya zauna a kan dutse ya cire hular kwano, ya riƙe kai.

Sai bayan la'asar wata motar masara ta tsaya mana. Direban da yaransa da mu muka ɗaga babur ɗin da ƙyar muka kwantar da shi a kan buhuna. Haka muka shiga Mayo Darle, ina zaune a kan masara ina riƙe da ƙahon babur kamar mai rakiyar sa zuwa mahauta. Wani bakanike ya cire fulogi ya haska tocila ta ramin, ya kira Yaya ya leƙa, ni ma na leƙa. Fistin ya huje a tsakiya, ramin zai ɗauki babban yatsana. Ya ce irin wannan sai Duwala, ko a aiko daga waje.

A nan sabis ya dawo, kiran Gwaggo ya shigo. Ta ce, "Kuna ina? Tun azahar take sa a leƙa mata hanya." Yaya ya ce mun kusa. Ta kara wa Iya wayar a kunne ta ce in yi magana. Na ce, "Tsohuwa, ga ni nan zuwa da cefanen, kada ki kuskura ki yi yaji." Na ji numfashi, na ji kamar za a yi dariya, sai tari. Gwaggo ta karɓa ta ce ta ji ni.

Yaya ya bar babur a shagon bakaniken ba tare da ya waiwaye shi ba, muka tafi neman 'yan acaɓa masu zuwa kan iyaka. Muna cikin magana hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Babbansu ya ce ko uwarsa ce a kwance ba zai bi hanyar nan da yamma bayan ruwa ba, akwai rafin da sai ya janye. Yaya ya roƙa, ya yi faɗa, ya sake roƙo. Muka kwana a wani masauki da katifarsa ta fi tabarma sirantaka, ga sanyi kamar a firji. Ban ji Yaya ya juya ko sau ɗaya ba, kuma na san ba barci yake ba.

Gari na wayewa muka hau babura biyu, da tsarabar Umma da sauran saƙon mutane. Iyakar da nake zato zan ga gini da tuta, ashe gora ce aka gitta a kan ganga, sai rumfa. Ɓangarenmu ba a tsayar da mu ba. A ɓangaren Nijeriya jami'in ya karɓi katin Yaya, ya juyo gare ni. Ba ni da katin ɗan ƙasa, shekaruna ba su kai ba, sai katin makaranta da aka rubuta da Faransanci. Ya juya shi sama ya juya shi ƙasa.

"Wannan yaron wane ne?"

"Ƙanina ne, ranka ya daɗe."

"Ƙaninka? Kai dogo baƙi, shi gajere mai kunnuwa kamar faranti. Ka san yara nawa ake ratsawa da su ta nan a ce ƙanne ne?"

Gaskiyarsa ne, aikinsa yake yi. Amma rana tana ta hawa. Yaya ya nemi Baba a waya, ba sabis. Muka zauna a benci muna kallon shanu suna ƙetare iyaka ba mai tambayarsu kati. Can wani tsohon Bafulatani mai fataucin shanu ya tsaya yana ƙare mini kallo, ya tambayi Yaya daga wane gida muke. Da ya ji sunan kakanmu sai ya kama haɓa. Ya ce wa jami'in, "Sake su. Wannan kunnuwan na san su tun kafin a haife ka, a wurin mai su nake sayen kanwa." Kunnuwan da aka yi shekaru ana tsokanata da su a Brik, su suka ɗaga mana gora.

Saman Mambila wata duniya ce. Ba daji, sai tuddai da ciyawa, mutane cikin rigunan sanyi da rana tsaka, kowa na Fulatanci, har waɗanda ba Fulani ba. Ban kalli komai da kyau ba. Idona na kan hanya, ina shirya abin da zan faɗa in na shiga ɗakin. Na yanke shawarar zan fara da tambayarta wa ya ba ta izinin kwanciya ban dawo ba.

Muna gangarawa ƙauyen muka haɗu da maza suna tahowa ta wata 'yar hanya daga gefen tudu, su da yawa. Biyu na ɗauke da fartanya, ɗaya da shebur, jar ƙasa a ƙafafun wandunansu. Na baya yana riƙe da tabarma a naɗe. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya rage gudu, ya kashe injin don girmamawa. Sai na hango mijin Gwaggo a cikinsu. Shi ma ya gan mu. Ya tsaya, sauran suka tsaya.

Yaya ya sauka tun babur bai gama tsayawa ba. Mijin Gwaggo ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Sai haƙuri, Nasiru. Da asuba ne. Mun jira har hantsi ya ɗaga, liman ya ce kada a ƙara."

Suka juya da mu makabarta. Ƙasar ko bushewa ba ta fara ba, ana ganin sawun hannun waɗanda suka daddaɓe ta. Na tsuguna. An ce in yi mata addu'a, na yi wadda na iya. Yaya ya tsaya daga nesa, da aka ce ya matso ya girgiza kai. A gida Gwaggo ta rungume ni tana kuka. Bargon da Umma ta aiko da turaren aka ba wata tsohuwa maƙwabciya, kilishin aka raba wa masu zaman makoki. Yaya kuwa washegari ya ɗauki ragowar saƙon mutanen Brik ya bi ƙauyuka da ƙafa, ya damƙa wa kowa nasa a hannu.

Bayan addu'ar bakwai muka dawo a motar haya. Da muka ratsa Mayo Darle bakaniken ya hango mu ya taso da gudu yana tambayar yadda za a yi da babur. Yaya ya ce ya rufe shi da tamfol. Har yau yana can. Injiniya ya aiko sau biyu cewa ya samo fistin, Yaya bai je ba. Masu tambayata ko babur ɗin yana tashi sama, amsarku ke nan.

Mun iso Brik da yamma, zaure cike da masu ta'aziyya. Baba na zaune a kujerarsa, ƙafar a kan matashi. Yaya ya durƙusa a gabansa, ya buɗe baki zai yi bayani, Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Kun sha hanya. Sannunku." Da ya zage shi da ya fi sauƙi.

Muna nan durƙushe Alhaji Buba ya shigo yana dogara sanda. Ya yi wa Baba gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Sannan ya juyo wurin Yaya da fara'arsa, don shi har ga Allah bai san komai ba.

"Nasiru, Malam Sale ya bugo mini. Ya ce kwali ya iso lafiya, ko lanƙwasa littafi ɗaya bai yi ba. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka iya riƙon amana."

Yaya ya ce, "Amin, Alhaji," kansa a ƙasa.

Baba ya dube shi, ya dube ni. Sannan ya miƙo mini hannu ya ce, "Abba, kama ni in shiga ciki."